Motata Ta Fi Ƙarfi, Amma Ta Ƙanena Baba Ke Hawa

Hajiya Rumasa'u, don Allah ki taimake ni, abin da ke damuna kunyar faɗarsa nake ji.

Ina zaune a unguwar Rusaifa, a Makka. Motata Shabarole Kafris ce ta 1996, na daɗe ina lallaɓa ta. Ni nake kai mahaifinmu Juma'a da asibiti tun da ƙafarsa ta fara ciwo. Bara ƙanena Abdulƙadir ya sayi Fod Kiraun Biktoriya ta 1997. Tun daga nan Baba sai ya ce a kira masa Abdulƙadir.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na zauna na gwada su. Dukkansu silinda takwas ne. Injina lita 5.7, ƙarfin doki 260. Nasa lita 4.6, bai ko kusa ba. A hawan dutsen hanyar Ɗa'if na wuce shi ban ko danna sosai ba. Ya fi ni sauƙin shan mai, wannan na yarda. Kujeruna har yau da ledarsu, ba a ci ba a sha a ciki, Baba ma a waje yake ƙarasa goronsa. A hawa nakan kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, don in hutar da inji. Tasa kuwa ƙwallon dabino ko'ina.

Ko na yi kuskure a lissafin? Matata Basma ta ce kishi ne. Wataƙila. Ranar Juma'a na hango Baba a kujerar gaban Fod yana dariya, na koma ciki ban gaishe su ba. Yanzu ko wayar Abdulƙadir ba na ɗauka. In sayar da motar in sayi irin tasa?

Mai Kafris, Rusaifa

Amsa:

Ɗana Mai Kafris, lissafinka daidai ne, motarka ta fi ƙarfi. Basma ma ta yi gaskiya. Kishin kuma ba na ƙarfe ba ne, kujerar kusa da mahaifinka kake kishi, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Ka yi shekaru kana ɗawainiya, ya kamata a ce an yi maka bayani.

Amma ka sake karanta wasiƙarka. Dattijo mai ciwon ƙafa, a zafin Makka, a kan leda, babu sanyi, goronsa ma sai a tsaye a bakin titi. Ina ruwansa da doki 260? Ko Fod ka saya, muddin da dokokin nan za ka shige ta, Abdulƙadir Baba zai ci gaba da kira.

Kada ka sayar. Cire ledar, bar mukayyif a kunne. Ka kira ƙanenka yau, bai yi maka laifi ba, nauyi ya rage maka. Ku raba: shi asibiti, kai Juma'a. In Baba ya zaɓi tasa duk da haka, ka ajiye mukullinka ka shiga baya ku tafi tare.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar ku kuna rige-rigen yi masa hidima.