Tsohuwar da ba ta rantsuwa

Zuwa ga Inna, a Tabotaki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ciwon gwiwar? Ya Asiya da yara? An samu shuka gonar tudu? Abin da na kasa faɗa a waya ne na rubuto, Asiya ta karanta miki.

Ni lafiya lau nan Amurka, kada ki damu. Tun da aiki ya tsaya, wata tsohuwa, Madam Ruth, ta ba ni ɗaki. Kirista ce, cikin waɗanda ake kira Kweka. Ba su da fasto, ba waƙa. Ran Lahadi shiru suke zama, suna jiran Allah ya sa magana a zuciyar wani. Ta ce kakanninsu sun sha kurkuku don sun ƙi rantsuwa gaban alƙali, wai mai rantsuwa harshe biyu gare shi.

Ran Talata alƙali zai duba maganar takarduna, ita ce shaidata. Na roƙe ta ta rufa mini asiri. Ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce, "Mahfuzu, ɗakin naka ne, amma abin da na sani zan faɗa."

Ta san muryarki, Inna. Kowace Juma'a tana jin muna waya. Ni kuwa da na shigo ƙasar nan, don a ba ni mafaka, cewa na yi 'yan bindiga sun kashe ki. Har na rantse.

Ki yafe mini. A share ɗakina, ina jin tare za mu yi girbin bana.

Ɗanki,
Mahfuzu