Matacin Gahawa Daga Rigar Baba

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ya kuma ƙarin haƙurinmu.

Auta ta ce ta same ki da almakashi kina yanka farar rigar Baba, wadda muka ce a adana a akwati. Umma, hankalina ya tashi. Zaman kaɗaicin nan ya fara taɓa ki. Na gyara miki ɗaki a gidana, ranar Asabar direba zai zo ya ɗauke ki.

Ɗanki mai biyayya.

*

Babban mutum,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ka gaishe da matarka da angwayena ƙanana.

Auta dai uwar kai rahoto! Na yanka, ba na musu. Takardun da ubanku yake tace gahawa da su ne suka ƙare, sai na ɗinka mataci. Sabon yadi sitaci gare shi, yana ɓata ɗanɗano, tsohuwar auduga da ta sha wanki ita ce daidai. Na yanki bayan rigar, na ninka shi kamar mazurari, na bi gefen da ɗinki biyu kada gari ya tsere, na tafasa shi, na rataya a ƙusar taga. Wadda hankalinta ya gushe ba ta ɗinki biyu.

Da wanki da gugar rigar nan, ni na sha su tun kana rarrafe. Yaushe aka yi daren balle gari ya waye, har ku zauna ku yanke mata hukunci ban da ni? Ka bar direbanka ya huta.

Uwarka.

*

Umma,

Ina gaisuwa, ki gafarce ni idan na yi tsaurin ido. Ba ki taɓa shan gahawa ba. Kullum cewa kike ɗaci gare ta kamar maɗaci, har faɗa kuke yi da Baba a kanta. Wa kike dafa wa? Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Don Allah ki haɗa kayanki.

Ɗanki.

*

Babban mutum,

Yau ma ba na sha, ɗacinta yana nan. Amma tun ina amarya wannan ƙamshin ke tashina da safe. Da ya ɗauke, sai na kai hantsi a kwance, ban ga dalilin sauko da ƙafa ba. Yanzu ina tashi, in ɗora ruwa, in tace, in miƙa wa tela maƙwabcina ta katanga. Ina kewar ubanku, kewa kuwa ba hauka ba ce. A gidanka matarka za ta kawo mini komai har gado, in kwanta ke nan.

Ba inda za ni.

*

Babban mutum,

Direbanka ya zo, yaro mai ladabi. Ya sha gahawa kofi biyu, ya ce a ƙara masa sukari. Na raka shi har bakin mota, ya buɗe mini ƙofar baya in shiga, na rufe masa ita da hannuna.

In ka matsu ka gan ni, ka san hanya. Ka zo da sassafe.

Uwarka.