Jan Tulun Kuniharu

Osaka, 2 ga Disamba, 1996

Zuwa ga Uwargida Tokie Nonomura,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Niigata bai matsa miki ba. Ya ƙarin haƙuri?

Mijinki Kuniharu ya cika kwana arba'in da tara da rasuwa, na san bisa al'ada yanzu ne za ki raba wa 'yan'uwa da abokai abin tunawa daga kayansa. Ni ba na son agogo ko kwat. Jan tulun gilashin nan nake so, mai murɗaɗɗen baki, wanda aka hura a Fukuoka a 1958. Kin san akwatinsa na katako yana hannuna, da rubutun mai aikin da hatiminsa a murfi. Masu hura gilashi na wancan zamani ba sa sa suna a jikin kaya, don haka in babu akwatin, tulun nan kwalba ce kawai. Shekara ashirin da biyu muna ja, shi ya ƙi sakin tulu, ni na ƙi sakin akwati. Yanzu dai magana ta ƙare.

Kada ki wanke shi, kada ki ɗaga shi ta baki. Ba raini ba, amma ba ki san kan kayan nan ba, shi ma marigayin da ƙyar. Zan zo da kaina in naɗe shi.

Ki huta lafiya,
Shigeyoshi Tatsumi

Niigata, 9 ga Disamba

Tatsumi-san,

Na gode da gaisuwa. Ashe ba ka manta adireshinmu ba, hanyar asibiti ce kaɗai ta ɓace maka wata huɗu.

Sau uku ya sa na rubuto maka yana kwance. Ba kyauta ya roƙa ba, aron akwatin na yini ɗaya, ya ga tulunsa cikin akwatinsa kafin ya tafi. Ka ce danshin asibiti zai ɓata katako. Da na karanta masa amsarka sai ya juya wajen bango ya ce, "Rabu da shi, Tokie. Gaskiyarsa, akwai danshi." Har yau wannan maganar ce ke ƙona mini rai, wai yana mutuwa yana kare ka.

Tulun ba ya gida. Yana kan kabarinsa a haikalin unguwarmu, cike da ruwa da fararen furanni. Ta baki na ɗaga shi, tulun bai yi ƙorafi ba.

Ka kula da kanka,
Tokie Nonomura

Osaka, 16 ga Disamba

Uwargida,

Ina gaisuwa.

Shekaranjiya na hau jirgin ƙasa na je har kabarin. Na sami tulun a fili, dusar ƙanƙara na sauka a kansa. Kin san in ruwan ciki ya daskare zai tsaga shi gida biyu. Na zubar da ruwan, na miƙa hannu, sai mai kula da haikalin ya tsaya a kaina ya tambaye ni ko a garinmu ana ɗauke wa mamaci abin da aka ajiye masa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shi ya gaya mini kowace safiya kina zuwa da buta ki cika shi har baki.

Na yi laifi, na yarda. Ki karɓi akwatin kyauta, yau zan sa shi a gidan waya. Ba sai tulun ya zo hannuna ba, ki mayar da shi cikin gida kawai. Irinsa uku aka yi, biyu sun tafi a girgizar ƙasar bara. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa durƙusa wa kowa ba, ga shi na durƙusa miki.

Naku mai neman afuwa,
Tatsumi

Niigata, 21 ga Disamba

Tatsumi-san,

Gaisuwa. Akwati ya iso lafiya, katakon a bushe yake sarai.

Tulun ya tsage ranar Talata da safe. Na share wurin tas.

Saura kayan gilashinsa arba'in da ɗaya jere a kan kantar ɗakinsa, sanyi kuma sai Maris. Gobe zan kai wa Kuniharu shuɗin tulun nan da ka taɓa yabawa. Zan riƙa sanar da kai.

Ka huta lafiya,
Tokie