Babana ya kori shanu daga gonarmu saboda karatuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na yi bayani har bakina ya gaji.

Ni ɗan Horo Birni ne, ina digiri na uku a kimiyyar sinadarai a ƙasar waje. A saiwar wake da gyaɗa akwai ƙwayoyin halitta masu kamo naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka, kuma abin da ke yin aikin wani ɗan mitsitsin curi ne na ƙarfe da farar wuta. Mu a ɗakin gwaje-gwaje kwaikwayonsa muke haɗawa don mu gane yadda yake aiki, shi ke nan fa. Namu ma ragon abu ne, cikin rufaffen akwati muke taɓa shi da safar hannu, iskar da muke shaƙa in ta same shi ya lalace.

Da na zo hutu Baba ya tambaye ni me nake karantawa, na sauƙaƙa masa na ce muna kwaikwayon yadda saiwar wake ke samo taki daga iska. Har na ba shi tsarabar 'yar kwalba a liƙe, da ɗan baƙin garin da muke haɗawa a ciki, wanda bai kai tsunkulin gishiri ba. Daga nan fa magana ta fi ƙarfina. Kafin sati ya zagayo, a kasuwar Shagari ana nuna ni ana cewa ga mai yin taki da iska, a Bodinga wani tela ya ce in ajiye masa buhu biyu.

Abin da ya ɗaga min hankali, akwai wani Bafulatani abokin Baba, tun kafin a haife ni duk rani a gonarmu yake sauka da shanunsa, su ci kara su bar mana taki. Da kashin shanun nan gonar ke yin gero, ƙasar jigawa ce. Bana da ya zo Baba ya sallame shi, wai kada a gauraya takin ɗansa da na shanu a kasa gane wanda ya yi aiki. Mutumin bai yi musu ba, amma na ji ya ce zai wuce wajen Lambara, kuma in ya sauka gonar wani ba ya tashi sai damina.

Na zaunar da Baba na ce masa abin nan ba taki ba ne, wataƙila har in mutu bai zama ba. Ya yi dariya, a ganinsa kunya ce irin ta masu ilimi. Na sa Inna ta yi masa magana, ya ce ita me ta sani. Na ce to in saya masa takin zamani, ya ɓata rai. Da na matsa sai ya ce, "Ɗana, tun da anka haihe ni nika roƙon taki ga mutane. Bana dai bari in ci na gidana."

Kwalbar tana rataye a rumbu cikin tsumma, ya ce ranar ruwan farko zai fasa ta a tsakiyar gona.

To ya zan yi? In bi Bafulatanin a ɓoye in roƙe shi ya dawo, Baba ya ji kunya a idon garin da ya gama yi wa alfahari? Ko in yi shiru in koma makaranta, gidanmu ya kwana ba gero bana?