Bakwai daga cikin hotunan shafina Baba ne ya ɗauka

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar. Yau kwana huɗu ke nan ban ci abincin kirki ba. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa. Ki yi haƙuri in kin ga ina ta kewaye-kewaye, haka kaina yake tun da abin ya faru.

Ni mai ɗaukar hoto ce, shekarata ashirin da tara, kuma gado na yi. Mahaifina ya fi shekara talatin yana sana'ar a wani ɗan shago mai taga ɗaya, har ciwon ido ya zaunar da shi shekara shida da suka wuce. Yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa, ba ya gane fuska sai an yi magana. Ni na karɓi shagon, da kyamarorinsa, da akwatunan fim ɗin hotunansa guda tara. A bakin Baba komai namu ne: shagonmu, aikinmu, hotunanmu. Amma a bayan kowane hoto da ya fita daga shagon sai ya sa fensir ya rubuta wanda ya danna kyamarar. A kan wannan ya rabu da amininsa da suka buɗe shagon tare, saboda ya kama aminin ya buga hatiminsa a bayan hoton wani. Har yau gaisuwa ce kaɗai tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye. Ki riƙe wannan, Anti, don shi ne abin da ke cin raina.

Da na kwashe tsofaffin hotunansa na zuba a kwamfuta don kada su lalace, sai na haɗa su da nawa a wuri ɗaya, na sa wa wurin suna Namu. Wallahi a lokacin ban nufi komai ba.

Bara aiki ya ja baya sosai. Kowa da wayarsa a hannu, ba mai shigowa sai masu neman fasfo, su ma suna tsaye suna duba agogo. Matar yayana ta iya haɗa shafin intanet, shi ne aikinta, ta ce za ta yi mini kyauta. Ni da na so in zuba hoto ɗari biyu, ta ce sam, shafin mai hoto ba ɗakin ajiya ba ne, sha biyu sun isa, amma su zama waɗanda mutum zai gani ya kasa wucewa. Ta ce in wanko guda sittin ƙanana ta zaɓa da idon baƙo. Na shiga Namu na ɗebo, ban tsaya tantancewa ba. Muka baje su a kan kafet ɗin falo wata ranar Lahadi da hantsi, tana rarrafe a tsakaninsu tana ware wasu gefe. Sababbin wanki ne, babu rubutun fensir a bayansu. Baba yana zaune a kujerarsa bakin ƙofa da rediyonsa a cinya.

Da ta gama na duba, biyar ne nawa, bakwai na Baba. Ta ɗaga ɗaya, na wani tsoho mai gyaran agogo a kan teburinsa, gilashin aiki a ido ɗaya, ya kwashe da dariya har ana ganin giɓinsa. Ta ce ashe haka na iya aka bar ni ina fama da fasfo. Anti, tunda nake ba a taɓa yabona haka ba. Kaina ya fasu. Na buɗe baki zan ce na Baba ne, sai na ji na ce na gode. Baba ya rage muryar rediyo ya tambayi wanne ake magana, na ce wani ne kawai daga cikin namu. Ya ce to, ya mayar da muryar.

Shafin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Fari tas, hoto ɗaya babba a farko, sauran suna biye, lambar wayata a ƙasa. Mai agogon ne a farko. A sama an rubuta Aikin Hannuna, kuma a kusurwar kowane hoto akwai sunana. Ni da kaina na zaɓi irin rubutun. Aiki uku na samu ta dalilinsa, wani gidan ɗinki da iyalai biyu, duk sun yaba, wata mata daga cikinsu ma har ta turo mini ƙawarta. Na fara ce wa kaina ai ba komai, gida ɗaya ne, jini ɗaya ne.

Sai ranar Litinin wata mata ta turo saƙo. Ta ce ta buɗe shafin tana neman mai hoto, ta yi ido biyu da mahaifinta. Mai agogon nan babanta ne, ya rasu shekara huɗu ke nan, kuma ba su taɓa sanin akwai hoton ba. Ta ce duk hotunansa da ke gidansu fuskarsa a ɗaure take, ba su da ko ɗaya da yake dariya. Ta kai wa mahaifiyarta wayar, tsohuwar ta riƙe ta ƙi saki. Yanzu tsohuwar tana so hannun da ya ɗauki mijinta ya zo ya ɗauke ta, a rataye su gefe da gefe, kuma ba ta da lafiya sosai, don haka kada a ja lokaci. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ƙarshen saƙon: wai tsohuwar tana ta tambayar me aka faɗa masa ranar da ya yi wannan dariyar, tana jira in zo in ba ta labari.

Ni ko wurin ban sani ba, Anti. Ban taɓa ganin mutumin ba. Maimakon in faɗi gaskiya, sai yatsuna suka rubuta cewa zan ba su labarin in na zo ranar Asabar.

Tun daga nan na rasa sukuni. Na yi tunanin in ƙirƙiro labari, sai na tuna matar da ta zauna da shi shekara arba'in za ta gane ƙarya tun kafin in rufe baki. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Na yi tunanin in rufe shafin gaba ɗaya in canja lamba. Ina tsoron in je in ɗauki hoton ya fito ba kamar na Baba ba, a rataye shi kusa da wancan kowa ya ga bambanci. Ina tsoron matar yayana ta ji na sa ta cikin ƙarya, ga ta da yawan nuna shafin ga mutane a matsayin aikinta. Amma duk wannan ƙarami ne a kan Baba. Mutumin da ya yar da amincin shekara ashirin a kan hatimi ɗaya, me zai yi wa 'yar da ta buga sunanta a kan bakwai, don ta san ba ya gani? Kullum in na dawo sai ya tambaye ni yaya shafinmu, wane hoto mutane suka fi so, in ce masa duka. Jiya ma ya sake tambayar wanne na sa a farko, na yi kamar ana kirana a waya na fita.

Ina son sana'ar nan, kuma ina son mahaifina ya ci gaba da jin muryata yana murmushi. Yaya zan yi?

Mai hoto cikin fargaba

*

'Yata,

Ki zauna ki ci abinci tukuna, ba a gyara ɓarna da yunwa. Abin da kika yi laifi ne, ba zan shafa miki mai a baki ba. Zubawa a wuri ɗaya kuskure ne, amma shirun da kika yi a falo da sunan da kika buga a kusurwa zaɓi ne, kin kuma san haka, shi ya sa kika kasa cin abinci. Sai dai ki sani, mai sata da gaske ba ya rubuto wasiƙa irin wannan. Yabo kika ji ƙishinsa, aka miƙo miki na wani kika shanye. Ana gyara wannan, amma ba da sabuwar ƙarya ba. Maganar ƙirƙirar labari ga tsohuwa marar lafiya a kan mijinta, ki cire ta daga ranki yau. Rufe shafi da canja lamba kuma gudu ne, kuma a gida ɗaya kike kwana da abin da kike gudu.

Da Baba za ki fara, kafin kowa. Ki same shi shi kaɗai, ki kashe rediyon, ki faɗa masa kai tsaye: bakwai nasa ne, kin sa sunanki, kin ji kunya. Kada ki ɓoye a bayan kalmar namu. Ba zan yi miki alƙawarin ba zai yi fushi ba, mutum ne mai ƙa'ida, yana iya ɗauke miki wuta kwana biyu, kuma haƙƙinsa ne. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Yana zaune bakin ƙofa aka yabi hoto, ya tambaya, kika kauce. Kullum yana tambayar wanda mutane suka fi so. Jiya ya tambayi na farko. Ido ne ya rasa, ba kunne ba, kuma shi ya haife ki. Ban ce lallai ya sani ba, amma ina zargin ya daɗe yana buɗe miki ƙofa kina wucewa. Ki kuma duba ta ɓangarensa: mutum ya yi aikin shekara talatin, yana zaune yana zaton duk ya ƙare a akwati. Ke kaɗai kika san cewa wata baƙuwa ta ga aikinsa ta kai wa uwarta, uwar ta ƙi sakin waya. Wannan labarin nasa ne, kina riƙe masa shi.

Daga nan sai matar yayanki. Ki ba ta haƙuri, ku gyara shafin tun kafin Asabar, aikin awa ɗaya ne a wurinta. Ku cire sunanki daga kan bakwai ɗin. Ku buɗe musu sashe nasu da sunan Baba, in ya yarda, da shekarar da aka ɗauki kowanne. Abin da yake yi da fensir a bayan hoto, ke ki yi shi a ƙarƙashin hoto. Shafin farko kuwa ya zama naki zalla, ko da biyar ɗin nan ne da abin da kika ɗauka a ayyuka ukun da kika samu. Shafin mai hoto alƙawari ne: abin da ka gani shi za ka samu in ka kira ni. Hoto takwas da za ki iya maimaitawa sun fi miki sha biyun da za su riƙa faɗar miki da gaba. Ki ƙara layi uku a kan ko wace ce ke da wanda ya koya miki, don gado abin faɗa ne a sana'a, masu neman aiki ma sun fi natsuwa da shi. Sannan daga yau kada fuskar kowa ta hau shafin sai da izininsa ko na iyalinsa. Wannan karon kin ci sa'a sun yi murna, wata rana za ki haɗu da waɗanda ba za su yi ba. Hoton mai agogon ma ki tambayi iyalinsa ko a bar shi.

Game da tsoron hannunki, kin manta abu biyu. Cikin sittin, wadda ba ta san na kowa ba ta zaɓi naki biyar ta jera su da na gwani. Mutum uku sun ba ki aiki, ba Baba ne ya je ya ɗauka ba, kuma sun yaba. Ba ki kai shi ba tukuna, shi ma bai kai haka ba yana da shekarunki.

Matar nan kuma ki kira ta, kada ki tura saƙo, kuma kada ki bari sai kin isa ƙofarsu. Ki ce mahaifinki ne ya ɗauki hoton, kin yi kuskuren sa sunanki, kin gyara. Tana iya fasawa, ki shirya wa hakan, ki wanke mata hoton babba ki kai ko da ta fasa. Amma ki gaya mata mahaifinki yana raye, ki nemi izinin zuwa da shi in ya amince. Kin ce yana rarrabe haske da duhu, to zai iya nuna miki tagar da za a zaunar da tsohuwar kusa da ita. Ke ki riƙe kyamara, shi ya zauna ya yi magana. Mutum ɗaya ne ya rage da zai iya sanin abin da ya ba mai agogon nan dariya, kuma yana zaune a bakin ƙofarku da rediyo a cinya. In ya tuna ya faɗa mata, ki sa ido sosai a kan fuskarta, don a daidai lokacin za ki danna.

Allah ya sanyaya zuciyar Baba a kanki, ya ba tsohuwar nan lafiya, ya sa albarka a hannunki. Tashi ki je, yana jiran amsar tambayarsa ta jiya.

Antinki