Makarantar da Ka Zana a Gonar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Auwalu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya a can ƙasar Larabawa. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan Ajingi lafiya lau, maigidana da yara suna gaishe ka. Jikin Inna da sauƙi, tana gidan Baffa a Gaya, ƙafar dama ce dai har yanzu ba ta iya taka ta.

Na rubuto maka a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani, saboda tun ranar da na ce maka hoton makarantar da ka zana ya ƙi fita ka daina amsa saƙona. Na san halinka tun muna yara: abu ya ɗan karkace a hannunka, sai ka yi shiru ka ɗora wa kanka laifi. Kuma 'yan ƙungiyar cigaban Kademi suna ta tambayata inda aka kwana, gara su karanta tare da kai.

Yaya, aikinka bai lalace ba. Wannan nake so ka fara ji.

Ka tuna yadda abin ya faro. Bayan rasuwar Baba, Inna ta ce da yawunmu a ba da gonarsa ta Kademi a gina makarantar 'yan mata. Kai ka zana ta a ranakun hutunka, lokacin da abokan ɗakinka suke barcin gajiya: azuzuwa, ɗakunan kwana, masallaci, ɗakin taro, har da katanga. Dattawan ƙungiya suka ce ba za su sa hannu a abin da ba su gani ba, layukan kan takarda ba sa gaya musu komai. Shi ne ka turo min fayil ɗin in fitar da hotuna masu kama da gaske, abin da muke ce wa renda, tunda kai ka koya min aikin.

Hoton farko da ya fito, gefen wani bango ne kawai, sama kuma baƙi ƙirin. Na sake, na sake, kwamfutar tana huci kamar za ta kama da wuta. Na canja hoton sararin samaniya, na ƙara hasken rana, duk a banza. A wannan takaicin na turo maka saƙon nan, da na san yadda zai zauna maka a rai da na haƙura.

Ashe matsalar awo ce. Kai da milimita ka yi zane, manhajata kuma ta karanta shi da mita, sai makarantar ta kumbura ta fi garin Gaya girma. Ka san manhajar tana kifa wa gini wani abu kamar ƙwarya, a cikinsa ake shimfiɗa hoton sama. To ginin ya fasa ƙwaryar, kyamarar cikin manhajar, mai ɗaukar hoton, kuma tana tsaye a wajenta, inda babu sama babu rana. Da na mayar da awon daidai, sama ta dawo shuɗiya. Ni kaɗai a ɗaki na yi ta dariya, har ƙwalla.

Sai kyamara ta ɗauki nata rigimar. Wani hoton ya fito toka-toka, ba komai a ciki, da na duba sai na same ta a tsakiyar bangon masallaci. Na jawo ta waje, sai ɗakunan kwanan da ke can baya suka ɓace, kamar an yanke su da wuƙa. Iyakar ganin kyamarar ce ta yi gajarta ga wuri mai faɗi irin wannan, na tsawaita ta. Rufin kwano kuma yana ta ƙyafta a hoto, saboda zanen ya zo da lambobin mai awon fili, ya yi nisa da tsakiyar wurin aiki. Na ɗauko makarantar gaba ɗaya na dawo da ita tsakiya, ta nutsu.

Na ɗaga kyamara sama na ɗauki makarantar duka, na shiga motar Gaya da kwamfuta a cinya, ina jin na gama.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna bayan katanga da yatsa ta ce, “Rahama, yaushe aka kai duwatsu Kademi?” Hoton saman da ya zo da manhajar na wata ƙasa ne, da tsaunuka a gindinsa, ni kuma idona yana kan gini ban lura ba. Ta ce abin ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka, amma ita ba ta taɓa ganin gonar Malam daga sama ba, ba shirwa ba ce. Ta juyar da fuska bango. Ba ta yi ƙorafi ba, amma na ga abin da take nema ba ta same shi ba.

Washegari na tafi Kademi. Geron da Baffa ya shuka, na ƙarshe kafin a karɓi filin, ya kai ƙugu. Ɗorawar nan ta bakin hanya tana nan, inda Inna take sauke ƙwaryar fura idan ta kawo wa Baba, mu biyu muna biye da ita muna faɗa kan wa zai riƙe ludayi. Na tsaya a gindinta na ɗauki sama da wayata, ina juyawa a hankali har na zagayo. Hadari yana haɗowa daga gabas, hasken hantsi yana ratsa shi. Na kuma duba inda inuwar bishiyar ta faɗa, nan na gane arewar da na sa a manhaja ta karkace, inuwar gininka tana faɗuwa inda ba ta taɓa faɗuwa a gonar nan ba.

Da na koma gida na shimfiɗa saman Kademi a cikin ƙwaryar, na daidaita rana. Na sauko da kyamara ƙasa, na ajiye ta a gindin ɗorawar, daidai tsayin idon Inna, ka san ba ta da tsawo. Na miƙar da ita sosai don kada bango ya yi kamar zai faɗi baya. Daga nan ba a ganin makarantar duka. Ƙofa ake gani, da layin azuzuwa, da rufin masallaci yana leƙowa.

Wannan karon ba sai da na yi mata bayani ba. Ta ce, “Nan ne. Nan nake zama.” Ta sa aka kira Baffa, ta nuna masa inda kunyar gyaɗa take ƙarewa a da, yanzu ya zama barandar aji. Shi ma ya matso yana kallo, yana gyara hula.

An yi taron ƙungiya, hotunan sun zaga hannu hannu, dattawa sun amince a fara da katanga da azuzuwa bayan an yi girbi. Sun ce a gaya maka sun gode.

Amma akwai abin da ya sa na zauna rubutun nan. Na zuba mutane a hoton don ya yi rai, ɗalibai da malamai suna shiga ƙofa. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan ta ɗago ta tambaye ni wanne ne Auwalu. Na ce mata ba ka ciki. Ta ce to in sa ka.

Zan iya, Yaya, aikin ɗan lokaci ne, ina da hotonka na ranar bikina. Amma hannuna ya ƙi. Na san ba don son ranka kake can ba, da guminka ake sayen maganinta, kuma hutu a wurinku ba a samunsa da sauƙi. Ba na ganin laifinka ko kaɗan. Roƙonka kawai nake, ka nemi ko mako biyu ne kafin a sa harsashi. Baffa ya ce zai nemo mota a kai Inna har bakin gonar. Muryarta ta yi ƙasa, abincinta ya ragu, ban so in faɗa maka a waya ba. Idan ba zai yiwu ba, ko kiranta ka yi da rana, lokacin da take da ƙarfin magana.

Allah ya ji ƙan Baba, ya sa makarantar nan ta zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna lafiya, ya sassauta maka wahalar nema, ya buɗe maka hanyar gida tana da ranta. Amin.

Taka ƙanwa,
Rahama