Mai Jan Tukwane da Safe

Ranfurly, watan Yuni

Yaya Noeline,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da jikoki. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na tare a ɗan gidan da ɗana Hamish ya kama mini a gari bayan an sayar da gona. Gaba da baya duk siminti ne. Daga kayan mijina Des, furannin nan nasa da ake kira fiyoni kaɗai na ɗauko. Bayan jana'izarsa na tone su da hannuna, aka zuba mini a manyan tukwane. Watan nan hunturu ya kama a nan, kin kuma san halinsu da hunturu, ganye ya mutu, sai ki rantse ƙasa ce zalla a ciki. Maƙwabciyata Beryl ta leƙo ta katanga tana dariya, wai ina kiwon laka. Ta ce a gona ƙasa ce bargon saiwa, a tukunya kuwa ƙanƙara ta kowane gefe take shiga.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da safe ina dafa shayi nakan ji ana jan tukunya a kan siminti. In na fita babu kowa, amma tukwanen sun matsa jikin bangon arewa, inda rana ke bugawa. Ni kuwa ko ɗaya ba na iya turawa.

Ƙanwarki,
Glenys

Ranfurly, watan Yuli

Yaya,

Na sami saƙonki, na ji daɗi da gwiwa ta lafa. A gaida yara.

Bakina ya jawo mini. Na faɗa wa Hamish zancen tukwanen a waya. Ya kai ni wurin likita, yanzu kuma zancen gidan kula da tsofaffi a Dunedin yake yi. Ya ce can ba a shiga da tukwane.

Sanyin bana ya daskarar da ruwan famfo, tukunya ɗaya ta tsage. Washegari na tarar an naɗe su duka da buhu, an cusa gashin tumaki a ciki, an ɗaure da irin ƙullin da Des ke yi wa damin ciyawa. Na tambayi Beryl ko ita ce, ta ce da wannan ciwon bayan nata ko igiyar takalminta ba ta iya ɗaurewa.

Wata rana ina jin tsoro, Yaya. Wata rana kuma kofi biyu nake ajiyewa. Hamish zai zo ya kwana ya haɗa mini kaya.

Taki,
Glenys

Ranfurly, watan Satumba

Yayata,

Gaisuwa da begenki. Ki yafe mini daɗewar da na yi ban rubuto ba.

Hamish ya zo da kwalaye. Da safe muna karyawa, raɓa ta daskare fari fat a waje, sai jan tukunya ya taso. Bayansa kuma ɗan gajeren fiton nan da Des ke kiran karnukan tumaki da shi. Hamish ya ajiye kofi ya fita da safa kawai a ƙafarsa. Ya daɗe tsaye a sanyin. Da ya dawo ya ce, "Mama, ba za ki je ko'ina ba." Kwalayen ya mayar mota babu komai a ciki.

Yanzu ƙanƙara ta narke, jajayen tsiro sun fasa ƙasa, har a tsagaggiyar tukunyar. Tun da suka fito ban sake jin motsi ba.

Hamish yana zuwa duk Asabar. Yakan riga ni tashi ya zauna bakin taga, ba ya ko kunna butar shayi ta lantarki don kada ƙararta ta rufe wani abu. Makon jiya, bai juyo ba, ya ce, "Mama, in sanyi ya dawo, kina ganin zai dawo?"

Na ce ban sani ba. Na jawo kujera na zauna kusa da shi.

Ki kula da kanki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys